A karɓi kuɗin Alhaji, amma kada a sayar masa da ƙuri'a

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na je gida, ƙauyenmu da ke bakin fadama a ƙasar Argungu, na tarar ƙungiyar manoman shinkafa ta su Baffana tana taro a ƙarƙashin darbejiyar makarantar firamare. Baffa ne ma'ajinsu. Ya yafuto ni da hannu ya ce, "Zo ka zauna ɗan boko, yau akwai aikinka." Na samu gefen benci na zauna.

Maganar ita ce, wani Alhaji ɗan garin da ke zaune a Abuja ya aiko ƙanensa da tayi. Zai zuba naira miliyan 30 a sayi injin casa da na cire tsakuwa, a gina ɗan sito. Shi kuma a ba shi kashi 40 cikin 100 na riba, da kujeru uku cikin bakwai na kwamiti, kuma kuɗi ba za su fita daga asusu ba sai da sa hannunsa.

Wani dattijo ya buga sanda ƙasa ya ce, "Wanga ba taimako na ba, sayen mu za a yi da rana tsaka." Wani saurayi daga baya ya ce, "To Baba, shekara nawa muna tara ɗari biyar-biyar, ko bel ɗin injin munka saya?" Aka kwashe da dariya, aka koma hayaniya. Sama da awa biyu ana abu ɗaya, wasu na cewa a karɓa, wasu na cewa a mayar masa da kayansa.

Abin da ya ba ni haushi, duk tsawon zaman nan babu wanda ya tambayi wa zai riƙa yanke farashin shanshera idan injin ya fara aiki. Alhali nan gizo ke saƙa.

Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyoyin gama kai na Jihar Kebbi suna buƙatar kuɗin masu zuba jari, kuma su karɓa. Amma a sayar wa mai jari rabon riba kawai, kada a haɗa masa da ƙuri'a. Kuma ko rabon ribar ma a yi masa iyaka, a buɗe masa ƙofar fita tun ranar da ya shigo.

Me ya sa ba za mu tara da kanmu ba?

Wannan ita ce hujjar dattawa, kuma ina ganin girmanta. Ai da haka abin ya faro. Mutum 28 da suka kafa ƙungiyar Rochdale a Ingila a 1844, wadda ake ɗauka a matsayin uwar ƙungiyoyin gama kai na zamani, fam ɗai-ɗai suka tara suka buɗe ɗan shago. Mu ma nan ba yau muka san adashi ba, ba yau muka san gayya ba.

Sai dai adashi na sayen keken ɗinki ne, ko kayan ɗakin yarinya, ko tunkiyar kiwo. Manomin shinkafa kuɗi na zuwa masa sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma kafin su zo an riga an raba su: mai taki na jira, mai fetur na jira, ga wanda ya ba da bashin ba-da-kaka tun farkon shuka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, injin ban ruwa ya zama wani baki na daban da ake ciyarwa a gida. Wanda ke fama da wannan, idan ka ce ya kawo dubu ɗari biyar don sayen injin casa, ba'a kake yi masa.

Abin da ke biyo baya kowa ya sani. Kaka na yi, buhuna na taruwa a bakin gona, 'yan sari na zuwa da tireloli su kwashe a farashin da suka ga dama, domin sun san ba mu da wurin ajiya kuma ba mu da ƙarfin jira. Bayan wata uku shinkafar nan za ta dawo mana a casa, cikin buhu mai tambari, mu saya mu ci. Mutanen Aliero su ma sun san irin wannan ciwo da albasarsu, wadda ke ruɓewa a rudu tun kafin farashi ya tashi.

To gwamnati fa? Banki fa?

A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamban 2015, Shugaba Muhammadu Buhari da kansa ya zo. An ba da rance a kan ruwa kashi 9 cikin 100, kuma sharaɗin shiga shi ne manoma su haɗu ƙungiya-ƙungiya. Ba zan ce shirin bai yi amfani ba. Noman rani ya bunƙasa, an yi shinkafar Lake Rice tsakanin Kebbi da Legas a 2016, aka buɗe katafaren kamfanin casa na WACOT a Argungu a 2017.

Amma ya bar mana wata cuta. Ƙungiyoyi da yawa an haife su ne a kan takarda cikin dare ɗaya, ba don komai ba sai don a cike fom. Mutane da dama suka ɗauki rancen a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. Wasu kuma da gaske suka so biya, ambaliyar 2020 ta share musu gonaki. Sama da naira tiriliyan ɗaya aka fitar a faɗin ƙasar nan, har yau ana bin mutane bashi, kuma Babban Bankin ya ce ya janye daga irin wannan tallafi na kai-tsaye. Hausawa sun ce kowa ya ci shinkafar rance tasa ya ci. Wanda ke jiran a sake buɗe wannan famfo, ya nemi wurin zama.

Bankin kasuwanci kuwa, a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin 100, banda abin da bankuna ke ɗorawa a kai. Za su nemi jingina, gonar fadama ta gado kuma ba ta da takardar mallaka. Ko an ba ka, banki ba ruwansa da ko ruwa ya ci gona, ranar biya ranar biya ce. Uwa-uba, mafi yawan mutanenmu ba za su taɓa bashi da ruwa ba, kuma suna da hujjarsu ta addini.

Idan aka cire waɗannan, me ya rage? Mutumin da zai kawo kuɗinsa ya ce in an ci riba a raba da shi, in an faɗi a faɗi tare. Wannan ya fi banki adalci nesa ba kusa ba. Shi ya sa ban goyi bayan masu cewa a kori ƙanen Alhaji ba.

Inda ni da masu cewa a karɓa muka rabu

Bari mu koma kan farashin shanshera, mu yi lissafin da ko ɗan aji huɗu zai gane.

A ce ƙungiya ta sayi buhu 1,000 daga hannun mambobinta don ta casa. Idan ta ƙara naira 2,000 a kan kowane buhu, naira miliyan 2 ke nan sun fita daga ribar injin sun shiga aljihun manoma. Manomi bai yi asarar komai ba, abin da zai karɓa a ƙarshen shekara ne ya karɓa tun da kaka. Amma mai kashi 40 ya rasa naira 800,000 ba tare da an taɓa ƙwayar shinkafa ɗaya ba. In kuma aka rage naira 2,000 ɗin, riba ta kumbura, mai jari ya yi murmushi, manomi ya koma gida da kuɗin da bai kai na bara ba.

Ka ga ke nan manomi na son a sayi shanshera da tsada, mai jari na son a saye ta da araha. Ba wai ɗayansu mugu ba ne. Alhaji na iya zama mutumin kirki, ya gina masallaci, ya biya wa marayu kuɗin makaranta. Amma kujerar da ya zauna a kai ita ce kujerar ɗan sari, ko da bai so ba. Ƙungiyar kuwa an kafa ta ne don a tsira daga ɗan sari. Idan ka ba shi kujeru uku cikin bakwai, mutum ɗaya kawai yake buƙatar ya jawo, kuma a garin da rabin jama'a ke zuwa gaishe shi da Sallah, jawo mutum ɗaya ba aiki ba ne.

Bambancin ƙungiyar gama kai da kamfani ke nan, ba wani abu ba. A kamfani ana ƙirga ƙuri'a da yawan kuɗi. A ƙungiya ana ƙirga ta da kawuna: mai kadada goma da mai rabin kadada, kowa ƙuri'arsa ɗaya. Ƙa'idojin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar gama kai ta duniya ta amince da su a Manchester a 1995 ba su hana karɓar jari daga waje ba. Abin da suka ce shi ne a karɓa bisa sharuɗɗan da za su bar iko a hannun mambobi. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta Najeriya ta 1993 ma ta hana mutum ɗaya riƙe fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jarin ƙungiya. Da na faɗi haka a taron, Baffa ya dube ni ya ce, "Ashe akwai doka?" Shekararsa tara yana riƙe da kuɗin mutane.

Abin da ya faru da waɗanda suka riga mu

Manoman alkama na lardin Saskatchewan a Kanada sun gina ƙungiya tun shekarun 1920, ta zama ɗaya daga cikin mafiya girma a ƙasar. A 1996 suka sa hannayen jari marasa ƙuri'a a kasuwar hannun jari ta Toronto. A lura, marasa ƙuri'a. Kuɗi suka shigo, shugabanni suka shiga manyan gine-gine da zuba jari har a Polan da Meziko. Aka tafka asara, bashi ya yi katutu. A 2005 ƙungiyar ta rikiɗe ta zama kamfani kamar kowane kamfani, a 2007 ta koma Viterra, a 2012 kamfanin Glencore ya saye ta. Jikokin waɗanda suka kafa ta sun koma masu sayar wa baƙo alkamarsu.

Na kawo wannan labari ne don kada wani ya ɗauka hana ƙuri'a kaɗai ya wadatar. Kuɗi na da murya ko ba a ba su kujera ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Amma akwai inda aka yi abin ya zauna. Bankin ƙungiyoyin gama kai na Kenya ya shiga kasuwar hannun jari ta Nairobi a 2008, sai dai ƙungiyoyin sun dunƙule nasu kason wuri guda, kusan kashi 65 cikin 100, yadda babu mai iya ƙwace musu ragama. Faransa da Italiya duk a 1992 suka gyara dokokinsu don a bar masu jari su shigo, suka kuma sa musu linzami: a Italiya ƙuri'unsu ba za su wuce kashi ɗaya cikin uku ba, a Faransa kashi 35 cikin 100. Ni dai a ƙauyenmu ko wannan ba zan bayar ba. Can akwai masu binciken kuɗi da kotun da ke saurin yanke hukunci. Nan kuwa kunya kaɗai ta isa ta rufe bakin mutum sittin a gaban mai kuɗi ɗaya.

"Wane wawa ne zai zuba kuɗi inda ba shi da ta cewa?"

Ƙanen Alhaji ne ya yi wannan tambaya, kuma wallahi yana da gaskiya. A nan ne ya kamata mu 'yan ƙungiya mu sunkuyar da kai.

Na ce Baffa ya nuna mini littafin ƙungiya. Ya shiga ɗaki ya fito da littafi mai shafi tamanin irin na 'yan makaranta, bangonsa ya rabu, an naɗe shi da roba. Wasu watanni an rubuta da biro, wasu da fensir, wasu da ajami, watanni huɗu na shekarar ambaliya babu komai a cikinsu. A tsakiya akwai wani shafi da aka rubuta "Shugaba ya ara" da adadi, babu rana, babu sa hannu. Na san Baffa ba zai ci sisin kowa ba, na kuma san shugaban ya mayar. Amma ni na sani don jinina ne. Mutumin da ke Abuja da me zai sani?

Ga kuma zamanin da muke ciki. Mutanen da MMM ta ƙona a 2016, da waɗanda CBEX ta kwashe wa kuɗi a 2025, da zarar sun ji "zuba jari ka samu riba" sai gabansu ya faɗi. Wasu 'yan damfarar ma da sunan ƙungiyar gama kai suke fakewa.

Don haka abin da mai jari ke tsoro ba rashin ƙuri'a ba ne, rashin gani ne. Sai a ba shi gani. A buɗe wa injin asusun banki na daban, kada a gauraya shi da kuɗin taki da na gudummawar biki. A ba shi damar duba littafi duk lokacin da ya so, ya turo akantansa in ya ga dama. A rubuta cewa ba za a sayar da injin ba, ba za a jinginar da shi ba, sai da yardarsa. Farashin shanshera kuma a ɗaure shi tun farko a kan farashin kasuwa na ranar da aka kawo kaya, yadda kwamiti ba zai cuci mai jari da ƙarin son zuciya ba, shi ma ba zai matse manomi ba. Wanda aka ba duk wannan ya ce shi dai sai kujera, to ba riba ya zo nema ba.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Wani abin da ya ba ni mamaki a taron, har da limamin unguwa a zaune, amma babu wanda ya ambaci ƙiradi. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya wuce ta kansa. Mai dukiya ya kawo kuɗi, mai aiki ya juya su, riba a raba bisa kason da aka yi yarjejeniya, rabi ko sulusi ko rubu'i. Ba a yanka wa mai dukiya wani adadi tsayayye. In aka yi asara ba tare da sakaci ko ha'inci ba, a kan dukiyar take, mai aiki kuma ya yi asarar wahalarsa. Mai dukiya ba ya zama a kan wuyan mai aiki yana juya shi. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun san irin wannan mu'amala tun kafin Bature ya kawo dokar ƙungiyoyi ta 1935.

Wannan ma amsa ce ga masu son a kwafo tsarin wasu ƙungiyoyin Amurka da ke yi wa masu jari alkawarin kashi kaza kowace shekara. In aka ce dole a biya ko an ci riba ko ba a ci ba, an dawo kan bashi da ruwa, suna kawai aka sauya.

Sai batun fita. Ina son a rubuta cewa kowace kaka ƙungiya za ta ware wani abu daga nata kason ta riƙa sayen hannun mai jari kaɗan-kaɗan, a kan darajar da injin yake da ita a lokacin, har ranar da zai zama nata ɗungurungum. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, sun san wannan tsari na tarayya mai raguwa. Ni ba malami ba ne, a kai takardar gaban malamai da jami'in ƙungiyoyi na ƙaramar hukuma kafin kowa ya dangwala yatsa. Kuma zan so in ga Majalisar Dokokin Jihar Kebbi ta zauna ta fayyace iyakar abin da mai jari daga waje zai iya riƙewa, don kada kowane ƙauye ya riƙa ciniki shi kaɗai da wanda ya fi shi lauya.

In da so samu ne ma, da ba mutum ɗaya za a nema ba. Garinmu na da malaman makaranta, da ma'aikatan jinya a Birnin Kebbi, da 'yan kasuwa a Jega da Kamba, da samari masu sana'a a Legas waɗanda kowane wata sai sun turo kuɗi gida. Ga matan da ke turara shinkafa suna casa a tsakar gida, waɗanda injin nan zai iya raba su da sana'arsu in ba a jawo su ciki ba, kuma ko mace ɗaya ban gani a taron ba. Mutum talatin masu miliyan ɗai-ɗai sun fi mutum ɗaya mai miliyan talatin sauƙin zama da su. In ɗaya ya yi fushi ya ce a ba shi kuɗinsa, injin ba zai tsaya ba. Tara su ya fi wahala, ban musa ba. Sai an yi yawo, sai an nuna littafi mai tsabta, kuma littafin Baffa ba zai shiga gaban kowa ba a yadda yake.

Ana kiran la'asar taron ya watse ba a yanke komai ba. An dai ce ƙanen Alhaji ya koma ya tambayo ko yayansa zai yarda da kashi 20 ba kujera, sauran a nema a wurin 'yan gari. Da zai shiga mota ya ce mini a hankali, "Yallaɓai, ba na jin zai yarda." Na ce ya dai isar da saƙo.

Da daddare Baffa ya aiko jikansa da littafin nan a cikin leda, tare da saƙon cewa in saya masa sabo mai bango mai ƙarfi in na koma birni, in kuma ja masa layuka yadda ya kamata. Ya ce watanni huɗun nan da babu komai yana tune da su a ka, in na dawo Juma'a mai zuwa mu zauna mu cike.